Taƙaddamar Brest-Litovsk a jam'iyyar Bolshebik (1918)

Taƙaddamar Brest-Litovsk saɓani ne da ya raba kan shugabannin Bolshebik a farkon 1918, kan ko sabuwar gwamnatin juyin juya hali ta Rasha ta amince da sulhun da Jamus ta gindaya wa tsauraran sharuɗɗa don ficewa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Brest-Litovsk shi ne garin da aka yi tattaunawar sulhun. An tsagaita wuta a Disamban 1917, lokacin da rundunar Rasha ta riga ta ɗaiɗaice, sojoji suna komawa ƙauyukansu don kada a raba gonaki ba sa nan.

Ra'ayi uku ne suka fito. Lenin, shugaban gwamnatin, ya ce a sa hannu nan take, a ba da ƙasa a samu sararin numfashi, tunda manomi ba zai sake ɗaukar bindiga ba. Bukharin, wani jigon jam'iyyar, da 'yan kwaminisancin ɓangaren hagu suka nemi yaƙin juyin juya hali, ko da na sari-ka-noƙe ne, suna ganin sulhu da Sarkin Jamus cin amanar ma'aikatan Turai ne. Trotsky, jagoran tawagar tattaunawa, ya tsaya a tsakiya: ba yaƙi, ba sulhu, a yi ta jan ƙafa har tawaye ya tashi a Jamus. Yajin aikin ma'aikata a Biyana da Balin, manyan biranen Ostiriya da Jamus, a watan Janairu ya ƙara masa ƙwarin gwiwa. A taron jiga-jigan jam'iyya na 21 ga Janairu, masu son yaƙi sun samu ƙuri'a 32, Trotsky 16, Lenin 15.

Lissafin Trotsky ya dogara ne kan cewa sojan Jamus ba zai kai hari kan ƙasar da ta ajiye makami ba, kuma nan ne ya kuskure. Ya fice daga tattaunawa ranar 10 ga Fabrairu. Ranar 18 Jamus ta kutso ba tare da turjiyar kirki ba, ta kuma tsananta sharuɗɗanta. Ranar 23 Lenin ya yi barazanar murabus. Kwamitin tsakiya na jam'iyya ya amince a sa hannu da ƙuri'a 7 da 4, mutum 4 suka ƙaurace, har da Trotsky, wanda ƙauracewarsa ce ta ba Lenin rinjaye.

An sa hannu ranar 3 ga Maris. Rasha ta rasa Yukren, Foland da ƙasashen Baltik, ta miƙa wa Daular Usmaniyya Kars, Ardahan da Batum. 'Yan gurguzun juyin juya hali na hagu, wata jam'iyya da ke haɗin gwiwa da Bolshebik, suka fice daga gwamnati don adawa da yarjejeniyar. An soke yarjejeniyar ranar 13 ga Nuwamba bayan faɗuwar Jamus.

Masana tarihi sun saɓa kan ko dabarar Bukharin za ta yi nasara. A shari'ar da gwamnatin Stalin ta yi wa Bukharin a Mosko a 1938 an tono wannan taƙaddama, aka ɗora masa tuhumar ƙulla makircin kashe Lenin, ya kuma musanta.