Waiwaye: Masu Fasahar da Ke Ƙirƙiro Tsoffin Al'ummomi da Kayan Tarihinsu

Tun farkon shekarun 1970 wani salo ya ɓullo a fasahar zane da sassaƙa ta zamani, inda mai fasaha zai ƙago wata tsohuwar al'umma da ba a taɓa yi ba, ya raɗa mata suna, ya ƙera mata tukwane da gumaka da rubutu, sannan ya jera su cikin akwatunan gilashi da 'yan takardun bayani, tamkar a gidan adana kayan tarihi.

Wanda ake yawan dangantawa da assasa salon shi ne Norman Daly, malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda a 1972 ya baje kolin kayan wata al'umma da ya kira Llhuros. Da tarkacen ƙarafa da kayan aikin gida ya harhaɗa yawancinsu, irin waɗanda mutum zai tsinta a kasuwar Panteka, ya yi musu fenti har suka yi kamar sun daɗe a binne, ya kuma ƙago masanan da ke sharhi a kansu. Sai mai kallo ya matsa kusa zai gane cewa abin da takarda ta kira kayan ibada ɓangaren wani inji ne, kuma daga nan zai fara tuhumar kansa kan saurin gaskata duk abin da aka sa a bayan gilashi. Bayansa Beauvais Lyons na Jami'ar Tennessee ya ƙirƙiro al'ummomi kamar Apasht da Arenot.

Maganar ta iso Najeriya a 2017, lokacin da Baturen Ingila Damien Hirst ya cika manyan gidajen baje koli biyu a birnin Venice na Italiya da ayyuka 189, bisa tatsuniyar cewa dukiyar wani 'yantaccen bawa ce mai suna Cif Amotan II, wadda ta nutse da jirgin ruwa a gaɓar Gabashin Afirka kusan shekara 2,000 da suka wuce. A cikinsu akwai wani kai na zinariya wanda ya yi kama ƙwarai da kawunan tagulla na Ife. Victor Ehikhamenor, ɗaya daga cikin masu fasahar da suka wakilci Najeriya a babban bikin baje kolin fasaha na Venice na wannan shekara, ya koka a Instagram cewa dubban masu kallo za su tafi da sunan Hirst a zuciya, ba sunan Ife ba. Ɓangaren Hirst ya kare kansa da cewa takardar bayanin ta ambaci Ife, kuma gaskiya ne ta ambata. Sai dai a ganina koken yana da tushe, domin tun a 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga irin wannan kai a Ife, ya ƙi yarda cewa aikin 'yan ƙasa ne, ya jingina shi ga Atlantis, wata ƙasar almara ta Girkawa. Mutanen da aka taɓa ƙwace wa aikinsu aka ba wa al'ummar tatsuniya ba za su ɗauki maimaicin hakan da wasa ba.

Mu a Jihar Kaduna lamarinmu kishiyar na Daly ne, domin muna da al'umma ta haƙiƙa wadda ba ta bar rubutu ba, har sunan da ake kiranta da shi na ƙauyen Nok ne da ke Ƙaramar Hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono wani kan gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wani kan da aka samo a yankin Jama'a, bayan an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kuma shi ya lura cewa su biyun aikin al'umma ɗaya ne. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna cewa tushen al'ummar ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da ya fi yi wa Nok illa shi ne haƙar sata da ta yi ƙamari a shekarun 1990, domin gunkin da aka tumɓuke ba tare da an rubuta inda ya fito ba ya rabu da labarinsa, kowane dillali kuma yana iya laƙa masa wanda ya ga dama. Hatta gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris na Faransa ya nuna gumakan Nok biyu da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba a 2000, kafin Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne. Masu jabu su ma sun shigo, suna manna tsoffin gutsattsari a jikin sabon aiki don ya tsallake gwajin shekaru. Daly ya so a gano dabararsa, su kuwa cinikinsu ya dogara ne ga kada a gano.

Akwai kuma hanyar da Demas Nwoko, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, ya bi a shekarun 1960, inda ya nazarci siffofin Nok ya gasa nasa gumakan yumɓu a kan salonsu, ya fito da su da sunansa a matsayin sabon aiki.