Sukudireban Yankee da Tsofaffin Kayan Kafinta: Tambayoyi da Amsoshi

Mutumin da ya ɗauki aikin katako a matsayin abin sha'awa, ba don neman abinci ba, yakan soma da kayan lantarki. Bayan ɗan lokaci sai idonsa ya faɗa kan tsofaffin kayan hannu, musamman wani dogon sukudireba da ake dannawa yana juya kansa. Daga nan tambayoyi suke ɓarkewa.

Mene ne sukudireba mai racet, kuma me ya raba shi da na gama-gari?

Duk wanda ya taɓa hawan keke ya san firiwil. Ka taka feda gaba, taya ta juya. Ka mayar da ƙafa baya, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, taya ba ta bi ka ba. To wannan dabarar ce aka ƙanƙantar aka cusa a cikin mariƙin sukudireba. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora, da wasu harsuna biyu da suke kama shi. Ka murɗa dama, harshe ya cije, sukuru ya shiga. Ka dawo da hannu hagu, harshe ya zame ta kan haƙoran, bakin sukudireba yana nan inda yake. Ba sai ka ɗaga hannu ka sake kamu ba. Ɗan maɓallin da ke gefe yana da mazauni uku: na ɗaurewa, na kwancewa, da na tsakiya wanda yake kulle komai ya mayar da shi sukudireba kamar kowane.

Shi kuma wanda ake kira Yankee fa?

Wannan shi ne abin kallon. Ban da racet, sandarsa tana da wasu kwaruruka biyu da suka naɗe ta suna gittawa juna, kamar saƙar igiya. Idan ka danna mariƙi ƙasa, wani noti da ke ciki yakan bi kwarin, dole sandar ta juya. Dannawa ɗaya, sukuru ya yi juyi da yawa. Hannun hagu yana riƙe da wani zobe mai kaushi a kusa da baki, wanda ba ya juyawa tare da sandar, don a saita shi a kan sukuru. Ƙwararre yakan shigar da sukuru a dannawa biyu ko uku, kafin mai sukudireban gama-gari ya gama gyara tsayuwa.

Wani Ba'amurke mai suna Zachary Furbish ne ya yi rajistar wannan fasahar a 1895. Kamfanin North Brothers na birnin Filadelfiya ya riƙa ƙera shi da sunan Yankee, har sunan ya zama na kowane sukudireba mai irin wannan siffa, ko da wani kamfani ne ya yi shi, kamar dai yadda kowane garin sabulu ya koma Omo a bakinmu. A 1946 kamfanin Stanley ya sayi North Brothers, ya ci gaba da ƙera su, wasu a Amurka, wasu a Shefild ta Ingila. Kafin injin ɗaure sukuru mai batir ya yawaita, da wannan masu haɗa ƙofofi da jiragen ruwa na katako da masu aikin wayoyin lantarki suke wuni.

Lambobin da ke jikinsa, 30, 130, 131, 135, me suke nufi?

Girma da kuma sifirin. Mai lamba 135 ƙarami ne, 130 matsakaici, 131 babba, wanda idan ya miƙe yakan haura rabin mita sosai. Waɗanda lambarsu ta fara da 1 suna da sifirin a ciki da yake maido da mariƙi sama bayan an danna. Su 30 da 31 da 35 ba su da shi, da hannu ake jawo mariƙin. A nawa ganin, mai koyo ya fi dacewa da marar sifirin, kuma amsar da ke biye za ta nuna dalili.

An ce yana da haɗari. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ta fuska biyu. Mai sifirin idan an ajiye shi a naɗe, aka zo aka saki zoben da ya kulle shi, sandar takan fito da gudu kamar kibiya. Kada a kuskura a buɗe shi yana kallon fuska, ko akwai yaro a gaba.

Na biyun kuma katako ne yake shan wahalarsa. Sukurun zamanin da mai tsaga ɗaya ne a ka, kuma baki mai faɗi ba ya da abin da zai riƙe shi a tsakiya. Na taɓa ɗaura maƙalar ƙofar wani ɗan kabad na maɗaci da na kwana uku ina gogewa, na riga na shafa masa mai yana ta ƙyalli. Sukuru na ƙarshe, na danna da ƙarfi, baki ya zame, ya ja wani dogon zane a fuskar ƙofar kamar an yi mata tsaga. Na zauna ina kallonsa, babu wanda zan zaga sai kaina. Tun daga ranar ba na danna Yankee sai na fara huda ɗan rami ƙarami, na kuma goga wa sukurun sabulu ko kakin kyandir. Juyi biyun ƙarshe kuwa, kulle sandar nake yi na ƙarasa da murɗin hannu.

Zai yi aiki da sukurun zamani?

Zai yi, har ma ya fi jin daɗinsu. Sukuru mai kan giciye na Phillips ya bazu ne a shekarun 1930, bayan kamfanin General Motors ya soma amfani da shi a motocin Cadillac a 1936. Mai rami mai kusurwa huɗu na Robertson ɗan Kanada ne, tun 1908 ake ƙera shi, sai Torx mai siffar tauraro da ya zo a 1967. Dukansu suna riƙe baki a tsakiya, zamewa takan ragu ƙwarai. Matsalar ita ce gindin bakin Yankee zagayayye ne mai ɗan tsagi, kuma kauri uku ne: milimita 5.5 na ƙarami, 7 na matsakaici, 8 na babba. Bakunan zamani masu gindi mai kusurwa shida ba sa shiga. Akwai ɗan mahaɗi da ake sayarwa wanda yake karɓarsu, amma a auna ramin kafin a saya.

Me ya sa ake rububin tsofaffin kaya alhali ga sababbi?

Wasu don tarawa kawai, su jera a kanta suna kallo, kuma su ne suke tsawwala farashi. Amma akwai dalili na aiki. An ƙera waɗannan kaya ne a zamanin da babu abin da zai maye gurbinsu, kafinta da su yake ci da iyalinsa, shi ya sa aka yi su yadda za a kwance, a wasa, a gyara. Ɗauki zarto. Yawancin sababbi an ƙone haƙoransu sun yi taurin da magagari ba ya cinsu, idan sun dakushe sai bola. Tsohon zarton Disston, kamfanin da Henry Disston ya kafa a Filadelfiya a 1840, ko na Spear & Jackson daga Shefild, da magagari mai kusurwa uku ake wasa shi, a yi ta maimaitawa har faɗinsa ya ragu.

Haka filen, abin feƙe fuskar katako. Siffar da kowa ya sani ta Leonard Bailey ce, wadda Stanley ya saya a 1869, kuma har yau ita ake kwaikwayo. Mai lamba 4 na gyaran fuska ne, mai lamba 5 tsawonsa inci 14 ne kuma kusan komai yana yi, mai lamba 7 inci 22 ne, na miƙar da gefen dogon katako. Kamfanin Record ya soma yin irinsu a Shefild a 1931. Ga wanda yake zaune inda wuta take ɗaukewa ba sallama, amfanin kayan da ba sa jiran caji ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai dai tsufa kaɗai ba inganci ba ne. A da ma an ƙera na banza da yawa.

Idan na tsinci ɗaya a wurin 'yan gwanjo, me zan duba?

Ga Yankee, danna shi a duka mazaunai ukun. In racet yana zamewa, wataƙila tsohon maiko ne ya daskare, wannan mai sauƙi ne. In sandar ta lanƙwashe ko kwarurukan sun cinye har tana lilo, bar musu kayansu. Ga filen, juya ƙasansa ka duba gefen bakin da wuƙa take leƙowa. Jikinsa narkakken ƙarfe ne da aka zuba, in ya faɗi tsagewa yake yi, kuma mai tsaga ba abin saye ba ne komai arharsa. Karyayyen mariƙi ba komai, gam zai haɗa shi, ko ka sassaƙa sabo. Tsatsar sama ma ba ta da illa, wadda ta ci rami a bayan wuƙa kusa da kaifi ita ce matsala. Zarto kuma ka ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya, ka ga ko ya lanƙwashe.

Yaya ake farfaɗo da su?

A wanke sandar Yankee da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a tsane, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Kada a sa giris mai kauri, ƙurar katako yake tarawa ya zama taɓo, harsunan racet su daina kamawa. Ƙarfe mai tsatsa a jiƙa shi cikin binega, wato ruwan khal, na kwana ɗaya, a wanke, a busar nan take, a shafa mai, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja. Ƙasan filen kuma a manna samfefa a kan gilashi mai kauri a riƙa goga shi har ya daidaita.

Da wanne zan fara?

Ba da Yankee ba, duk da yabon da na yi masa. Nemi filen mai lamba 4 ko 5 da dutsen washi, ka koyi wasa wuƙarsa a kusurwar digiri 25 zuwa 30 har ta aske gashin bayan hannunka. Sai zarto ɗaya mai wasuwa, sai abin huda katako mai gwiwa da ake juyawa da hannu, wanda shi ma yawanci yana da racet don aiki a lungu. Irin wannan mai lamba 2101 na North Brothers, wanda ma'aikatan kamfanin tarho na Bell suka yi amfani da shi, in ka sa masa bakin sukudireba yakan kwance sukurun da ya gagari Yankee, domin gwiwar tana ba hannu ƙarfin murɗi da dannawa ba ta bayarwa.