Me ake nufi da "Plus Beaux Villages de France"?

Wanda ya taɓa laluben hotunan karkarar Faransa a intanet da wuya bai ci karo da wannan suna ba, ko a ƙasan hoto, ko a jikin wani jan allo da ke kafe a mashigar gari: Les Plus Beaux Villages de France. A Hausance, ƙauyukan da suka fi kowane kyau a Faransa. Da jin sa mutum zai ɗauka kirari ne irin na masu tallar yawon buɗe ido, inda kowa ke wasa wuƙarsa. Alhali sunan ƙungiya ne, kuma ƙauye ba ya kafa allon nan sai ya nema, an zo an duba shi, an amince.

An kafa ƙungiyar a 1982. Wanda ya kawo shawarar shi ne Charles Ceyrac, magajin garin Collonges-la-Rouge, wani ƙauye a yankin Corrèze da aka gina gidajensa da jan dutse. Damuwarsa ita ce ta kowane shugaban ƙauye: matasa sun tafi birni, tsofaffin gidaje suna zubewa, babu kuɗin gyara. Ya ga cewa in ƙauyuka irin nasa suka haɗa kai a ƙarƙashin suna ɗaya, baƙi za su zo, kuɗi ya biyo su. Masu garuruwa 66 ne suka amsa kiransa da farko. Yau ƙauyukan sun haura 170, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi wajen 35,000.

Kafin ma a karanta takardar nema, sai ƙauye ya cika sharuɗɗa uku. Mazauna tsakiyarsa kada su wuce 2,000. Ya kasance yana da aƙalla wurare biyu da hukuma ta sa cikin kayan tarihi ko wuraren da doka ta kare. Sannan majalisar garin ta zauna ta amince da neman. Bayan haka ne ake aiko mai bincike ya taka garin da ƙafa, ya duba rufin gidaje, da allunan shaguna, da wayoyin lantarki ko a binne suke ko suna reto a sama, da inda ake ajiye motoci. Mafi yawan masu nema hannu rabbana suke komawa. Wanda ya samu ma ba a bar masa har abada ba, ana dawowa bayan 'yan shekaru a sake dubawa, kuma akwai waɗanda aka karɓe wa allon. Italiya ta kwaikwayi tsarin a 2001, Japan a 2005.

Kalmar da ta fi yawan rakiyar wannan suna ita ce médiéval, wato na tsakiyar zamani a lissafin tarihin Turai, daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 zuwa ƙarshen ƙarni na 15. Sai dai a bakin masu talla kalmar ta yi laushi. Da an ga lungu mai shimfiɗar dutse da gida mai gicciyen katako a bango sai a ce médiéval, ko da rabin ginin na ƙarni na 17 ne.

Misalin da ya fi bayyana abin shi ne Saint-Cirq-Lapopie, kimanin kilomita 30 gabas da garin Cahors a kudu maso yammacin ƙasar. Yana maƙale a kan tsaunin da ya yi wa kogin Lot rumfa daga tsayin mita 100 ko kusa da haka. Ba don sha'awar kallo aka hau can ba: wanda ya riƙe tsaunin shi ke iko da duk jirgin da ya bi kogin. Gidajen sarauta uku ne suka raba garin a tsakaninsu, Lapopie da Gourdon da Cardaillac. A 1471, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, Sarki Louis na 11 ya ba da umarnin rushe ganuwar wurin, kuma kufanta kawai ya rage a ƙololuwa. Cocin da ke mamaye kowane hoton garin daga baya aka gina shi, a ƙarni na 16.

A da garin masu sana'a ne. Akwai majema, akwai maƙera, amma an fi saninsa da masassaƙa masu yin famfon katako na gangunan giyar inabi. Kaya kuwa ta ruwa suke tafiya, a jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen gindi da ake kira gabarre. Wajen sauka ruwa ne ke kai su, wajen dawowa sai mutane ko dabbobi su ja da igiya daga gaɓa. A kusa da Bouziès, inda dutse ya tsaya kyam a cikin ruwa babu wurin taka ƙafa, sassaƙe tsaunin aka yi a ƙarni na 19 aka fitar da hanyar ja. Tana nan har yanzu, kuma a ganina ta fi garin kansa ban mamaki.

Sai abubuwa biyu suka karya yankin. Wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, phylloxera, ya cinye gonaki a ƙarshen ƙarni na 19, jirgin ƙasa kuma ya ƙwace wa kogi ciniki. Mutane suka watse. A nan sirrin kyan yake, in dai za a faɗi gaskiya: talauci ne ya adana garin. Da an samu kuɗi a lokacin, da an rushe tsofaffin gidaje an yi na siminti kamar yadda aka yi a wasu wurare. Masu zane da marubuta ne suka fara dawowa. André Breton, jagoran 'yan surrealisme, wani salon rubutu da zane mai kama da mafarki, ya ga garin a 1950, ya sayi gida, ya riƙa zuwa kowace bazara har ya mutu a 1966.

A 2012 masu kallon tashar France 2 suka zaɓi Saint-Cirq-Lapopie a matsayin ƙauyen da Faransawa suka fi so. Wannan gasa ce ta talabijin, dabam take da allon ƙungiya, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Mazauna garin ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba, baƙi kuwa dubban ɗaruruwa ne a shekara. A Yuli da Agusta motar baƙo ba ta shiga, a wajen gari ake biya a ajiye ta, a gangara da ƙafa cikin turmutsitsi. Wanda ya je a Janairu zai tarar da yawancin shaguna a garƙame, tagogin gidaje a rufe, domin masu su suna Paris ko Toulouse sai zafi ya dawo.