Zagayen tsohon garin Argungu a ƙafa: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na daɗe ina zagaya da baƙi cikin tsohon garin Argungu, 'yan makaranta, ma'aikata masu hutu, masu bincike daga jami'o'i, har da 'ya'yan Kabawa da aka haifa a Legas ko Abuja suka dawo ganin tushensu. Tambayoyin ba sa sauyawa, kuma yawanci sai cikin dare ake bugo mini waya a kansu. Na tara su a nan. Don Allah a karanta kafin a kira.

Dole ne a ƙafa? Ba za a iya zagayawa a mota ba?

A ƙafa. Lungunan tsohon gari ba don mota aka yi su ba. Wanda ya leƙo ta gilashi ya wuce bai ga Argungu ba, ƙura kawai ya tayar wa mutane.

Daga ina ake farawa?

Daga Gidan Tarihi na Kanta, kusa da kasuwa. Ginin shi ne tsohuwar fadar Sarkin Kabi, a ciki sarakuna suka zauna har 1942 lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Sassa goma sha ɗaya ne a ciki: takubba, masu, kwari da baka, garkuwoyi, layu, tambura, kayan kamun kifi da na noma. Daga nan mu ratsa unguwanni, mu bi ta kasuwa, mu gangara bakin ruwa wajen Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi.

Zan iya ɗaukar hoto?

Gini, eh, bayan ka tambayi ma'aikatan wurin. Mutum, sai da izininsa. Na sa wannan tambayar a sama ne domin ita ta fi ɓata mini rai. Akwai ranar da wani baƙo ya ga wata tsohuwa tana shanya shinkafa a ƙofar gida, ko sallama bai yi ba ya ɗora mata waya a fuska. Ta ja mayafi ta shige ciki, ta bar tabarmar da shinkafar a rana, kaji suka sauka a kai. Ni ne na dawo da yamma na durƙusa na ce, Inna, ki yi haƙuri, baƙo ne. Shi ya tafi, ni nake bin lungun nan kullum. Malam, mutanen nan a gidajensu suke zaune, ba ajiye su aka yi don kallo ba. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi gida da iyali. Sau da yawa wanda ka gaisar da kyau shi zai ce maka shigo zaure ka ga yadda aka jera azara.

Wane ne Kanta? A Argungu ya zauna?

Bai zauna ba, kuma ku daina rubuta haka a takardunku na makaranta. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi ne a farkon ƙarni na 16, wajen 1515, bayan ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa. Birninsa Surame ne, mai ganuwar dutse. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, wanda ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya su ne suka kafu a Argungu ƙarƙashin sarkinsu Karari, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya sake tayar da tutar Kabi a 1849. Sunan Kanta aka sa wa gidan don girmamawa.

Wane lokaci ya fi dacewa in zo?

Wannan kam ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka wata ɗaya tak ya ce shi ne, bai tambaye ka abin da kake nema ba.

In tafiyar ƙafar ce a ranka, ni dai na fi son daga Nuwamba zuwa Janairu. Damina ta ɗauke, lunguna sun bushe, rana ba ta da zafi sosai, fadama kuma tana da kyan gani. Amma fa lokacin hazo ne. Akwai safiyar da za ka tsaya a bakin ruwa ba ka hango ɗaya gaɓar da kyau ba, mai asma ko ciwon ido kuma zai sha wuya in bai zo da takunkumi da maganinsa ba. Dattawa su riƙo rigar sanyi.

In bikin kamun kifi ne ya ja hankalinka, to a nan sai ka yi hattara. An saba yinsa tsakanin Fabrairu da Maris, kwana huɗu, kuma asalinsa a yadda aka san shi yau yana komawa 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba kowace shekara ake yinsa ba. Bayan na 2009 sai da aka yi shekara goma cur ba a yi ba, sai a Maris na 2020. Saboda haka kada ka nemi hutu a wurin aiki ko ka biya kuɗin masauki a kan jita-jita. Jira sanarwar gwamnatin jiha da ta masarauta, kuma ko an sanar, ka sake tambaya in lokaci ya matso, domin rana tana iya gusawa.

To ko an yi bikin, shin lokacin zagayen ne? A ganina a'a, ko da yake na san wasu abokan aikina ba za su yarda ba, tunda lokacin ne baƙi suka fi yawa. Ganin dubban masunta sun ruga cikin ruwa a lokaci guda, kowa da gorarsa da homarsa, ana neman giwan ruwa mafi girma, abu ne da ya kamata mutum ya gani ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ga tseren kwalekwale, ga kamun agwagwar ruwa, ga kokawa. Amma garin yana cika maƙil, masauki yana wuya, dattawan da za su zauna su ba ka tarihi suna can suna hidimar baƙin fada. In za ka iya, ka iso kwana biyu kafin a fara, mu yi zagayen a natse, sannan ka tsaya kallon biki. In ba za ka iya ba, ka zaɓi ɗaya.

Afrilu da Mayu kuwa zafi yana haura digiri 40. Ana iya yi, amma sai an fito bayan sallar asuba a gama kafin hantsi ya yi nisa, kuma ba na ba mai hawan jini ko mai goyo shawarar haka. Da azumi ma ana yi, sai dai a taƙaita, kuma wanda ba ya azumi ya sha ruwansa a keɓe. Da damina gari yana kore shar, amma wasu lunguna sukan yi taɓo, hanyar bakin ruwa kuma ba kullum take biyuwa ba. Ranar Juma'a a gama kafin azahar. Ka faɗa mini abin da kake son gani da kuma su wa za ka zo da su, sannan in ce maka ga lokaci.

Me ya sa wasu gine-ginen suke kamar sababbi? Ashe ba na da ba ne?

Na da ne. Ginin ƙasa da ba a yaɓe shi ba damina kaɗan za ta kai shi ƙasa. Gyara shi ne rayuwarsa: a sake yaɓe, a duba indararo, a sauya azarar da gara ta ci. Abin da ya fi damuna shi ne masu lulluɓe bangon ƙasa da siminti suna ganin gata suka yi masa. Danshi yana maƙalewa a ciki, bangon ya rube ta baya ba a sani ba, wata rana siminti ya ɓare da ƙasar gaba ɗaya. Zan nuna muku misalin duka biyun a hanya. Kuma kada yara su hau katanga, kada a kankare bango da makulli don a ga abin da ke ciki.

Mata za su iya zuwa?

Sosai. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki zo da mayafinki da takalmi marar tsini, shi ke nan.

An ce akwai kaburbura a gidan tarihin?

Akwai, na sarakunan Kabi ne. Wurin addu'a ne. A rage murya, a bi abin da mai kula da wurin ya ce, in ya ce a cire takalmi a cire. Ba a tsayawa a kai a yi dariya ana ɗaukar bidiyo.

Zan iya jefa ƙugiya a Matan Fada?

A'a. Wurin yana da dokarsa, Sarkin Ruwa ke kula da shi. Kifi kake so, a kasuwa za mu saya.

Za mu haɗa da Surame da Gwandu a rana ɗaya?

Surame tana jihar Sakkwato yanzu, kufai ce a daji, tafiya ce ta daban, kuma ba na kai kowa sai na tambayi mutanen yankin lafiyar hanya a wannan makon. Hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu shi ma a ba shi ranarsa. Gaggawa ba ta dace da ziyara ba.

Ban iya Kabanci ba, za a gane ni?

Hausa ce. Za ka ji "mi" maimakon "me", "yat tahi" maimakon "ya tafi", "hura" maimakon "fura". Kunnenka zai saba kafin mu kai kasuwa. Kada dai ka kwaikwayi maganar mutane a gabansu kana dariya.

Nawa ne?

Kuɗin shiga gidan tarihi a tambaya a ƙofa. Kuɗina kuma ya danganta da yawanku da tsawon zagayen, kuma a gama magana kafin a fara tafiya.

Yara fa?

A kawo su, har ma na fi son haka. Kowane yaro da gorar ruwansa da hularsa, kuma in mun isa bakin ruwa babba ya riƙe hannun ƙarami.