Ƙauyukan alkama na yammacin Kanada

Ƙauyukan alkama na yammacin Kanada ƙananan garuruwan manoma ne da suka kafu a shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa na lardunan Manitoba, Saskatchewan da Alberta, mafi yawansu tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Asalin ƙasar ta ƙabilun Cree da Blackfoot da al'ummar Métis (jikokin auratayya tsakanin ƙabilun asali da Turawa) ce, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga farautar ɓaunar Amurka. Gwamnati ta karɓe filayen ta hanyar yarjejeniyoyi bakwai da aka ƙulla daga 1871 zuwa 1877, a daidai lokacin da ɓaunar ke ƙarewa, aka tsugunar da Cree da Blackfoot a keɓaɓɓun yankuna.

Dokar filaye ta 1872 ta ba wa magidanci eka 160 a kan dala 10 kacal, bisa sharaɗin ya zauna a wurin shekara uku, ya gina gida, ya kuma nome wani sashe. Baƙi ba su kwararo sosai ba sai bayan kammala layin dogo na Canadian Pacific a 1885, musamman a zamanin ministan cikin gida Clifford Sifton, wanda ya riƙe muƙamin daga 1896 zuwa 1905, ya buɗe ƙofa ga manoma daga Birtaniya da Amurka da Jamus da Yukiren. Da yake itace ya yi ƙaranci, iyalai da yawa sun fara zama ne a ɗakin da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa, ana jera ta kamar tubali. Irin wannan ɗaki yana riƙe ɗumi a tsananin hunturu, amma idan ruwan sama ya daɗe yana zuba, rufin kan ci gaba da yoyo ko bayan an ɗauke.

Layin dogo ne ya zaɓa wa garuruwan mazauni. Ana kafa tasha kusan kowane mil goma, domin manomi ya iya kai alkama a keken doki ya koma gida kafin dare. A wancan zamani, a kowace tasha akwai dogon rumbun katako wanda ake hango shi daga nesa, da sunan garin rubuce a jikinsa. Nan ake auna hatsi, a tantance darajarsa, a loda shi a taragu, kuma nan manoma ke jin farashi da labarin maƙwabta. A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun haura 5,000. Ƙorafin da manoma ke yi kan awo da farashin kamfanoni shi ya haifar da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na sayar da alkama a shekarun 1920.

Farin shekarun 1930, wanda ya fi tsanani a 1937, ya zo tare da guguwar ƙura da farin ɗango da faɗuwar farashi, dubban iyalai suka bar gonakinsu. Abin da ya fi rage jama'a, duk da haka, shi ne tarakta da babbar mota da kwalta: gonaki suka faɗaɗa, aka rufe makarantun aji ɗaya, aka rushe yawancin rumbunan katako. Biyar da suka rage a jere a garin Inglis na Manitoba yanzu wurin tarihi ne na ƙasa. Garuruwa da dama sun wallafa littattafan tarihinsu wajajen 1980, kowane iyali ya rubuta labarinsa da kansa, kuma masu bincike na dogara da su ƙwarai, ko da yake ba kasafai suke ambaton ƙabilun asali ba.