Wi-Fi 7: Wa Ke Yanke Lokacin Barcin Waya?

Wayar da ke kan Wi-Fi ba kowane lokaci take saurare ba. Ɗan rediyon da ke cikinta yawanci barci yake yi, ya farka ya duba ko akwai saƙo, ya koma. Ba don haka ba da batir bai kai azahar ba. Wannan tsari yana nan tun ƙa'idar 802.11 ta farko da cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fitar a 1997: waya ta sanar da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, cewa za ta kwanta, rauta ta riƙe mata saƙonninta, kuma cikin shelar da take yi kusan sau 10 a sakan ɗaya ta sa alamar waɗanda ke da ajiya.

Duk wannan an gina shi ne a kan hanya ɗaya tsakanin waya da rauta. Sai ga ƙa'idar 802.11be, wadda kasuwa ta sani da Wi-Fi 7. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara ba kayanta shaida a Janairun 2024, IEEE kuma ta amince da ita daga baya cikin 2024 ɗin. Babban abin da ta zo da shi shi ne MLO, wato waya ɗaya ta ƙulla hanyoyi biyu ko uku da rauta ɗaya a lokaci guda, a zangon 2.4, da 5, da 6 GHz. Gudu ya ƙaru, jinkiri ya ragu. To amma rediyo uku a farke cin batir ne, kuma injiniyoyin da suka zauna rubuta ƙa'idar sun san haka. Ita ba dokar gwamnati ba ce, babu wanda za a kai kotu a kanta. Yarjejeniya ce da masu ƙera kaya ke bi don na'urar wannan kamfani ta fahimci ta wancan.

Hukuncin farko shi ne kowace hanya da barcinta. Waya na iya farkawa a 5 GHz ta bar sauran biyun a kwance, kuma ita ke yanke wannan, ba rauta ba. Tun daga lokacin haɗuwa ma haka abin yake: hanyar da aka yi gaisuwar ƙulla alaƙa a kanta ita kaɗai ke a farke, sauran suna farawa ne a barci har sai wayar ta tashe su.

Nauyin sai ya koma kan rauta. Ana ba wayar lambar shaida ɗaya tak don dukan hanyoyin, kuma idan saƙo ya zo mata, rauta za ta sa alamar a shelar kowace hanya. Saboda haka sauraren shela ɗaya ya wadatar. Kamar gida ne mai ƙofa uku da aka ajiye wa mai gadi ɗaya, bisa sharaɗin cewa duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa za a ji a inda yake zaune. Rauta tana iya ƙarawa da nuna hanyar da ta fi so a zo a karɓi saƙon. Haka kuma idan wani muhimmin saiti ya canza a hanyar da wayar ba ta saurare, akwai ɗan ƙidaya da ke ƙaruwa, ana kuma faɗin sa a shelar sauran hanyoyin, wayar ta gane cewa akwai abin da ya kamata ta bincika. Ko wa'adin da rauta ke ba na'urar da ta yi shiru kafin ta sallame ta, a dunƙule ake lissafa shi: motsi a hanya ɗaya ya isa ya riƙe alaƙar duka.

A ganina nan ne hikimar ƙa'idar take. Rauta tana jone da wuta, waya kuwa tana rayuwa da abin da ke cikin batirinta, don haka aka ɗora aikin tunawa da maimaita sanarwa a kan mai wuta.

Akwai kuma rabon kaya. Bayanan da ke tafiya an kasa su aji 8 bisa gaggawarsu, kuma a asali kowane aji na iya bin kowace hanya. Ɓangarorin biyu suna iya shirya cewa murya da bidiyo su bi nan, saukar da fayil ya bi can. Hanyar da ba a ɗora mata ko aji ɗaya ba an rufe ta ke nan, rediyonta ya huta.

Wayar da ba ta da cikakken rediyo fiye da ɗaya an yi mata wata dabara mai suna EMLSR. Takan raba eriyoyinta, ta kasa kunne a hanyoyi biyu da ƙaramin ƙarfi. Idan rauta ta samu sarari a ɗaya, sai ta fara aiko da gajeren saƙon kira, ta ɗan ja shi gwargwadon lokacin da wayar ta ce tana buƙata, daga sifili zuwa maikurosakan 256 (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), wayar ta tattaro eriyoyin duka zuwa wannan hanya, a yi aikin, a koma saurare. Wannan ya fi rediyo biyu cikakku arha da sauƙin batir. Amma kada a ɗauke shi barci: kunne biyu a buɗe suna cin caji.

TWT kuwa tsohon hannu ne daga Wi-Fi 6, inda waya da rauta ke sa lokacin ganawa, wayar ta yi barci har ya yi. Abin da aka ƙara shi ne ana iya shirya lokutan hanyoyi da yawa ta hanya ɗaya, ba sai an tashi kowace don ciniki ba. Sabon nau'insa, R-TWT, yana keɓe lokaci ga abin da ba ya jure jinkiri, kamar kiran bidiyo. Sauran na'urorin da suka san dokar dole su kammala aikensu kafin lokacin ya shiga.

Abin da mai saye ya kamata ya lura da shi: yawancin waɗannan na zaɓi ne. Ƙa'idar ta faɗi yadda za a yi maganar, ba ta faɗi yaushe waya za ta ga ya dace ta tashi hanya ta biyu ba. Wannan ya rage ga mai ƙera ta, shi ya sa wayoyi biyu masu tambarin Wi-Fi 7 kan bambanta wajen riƙe caji. Zangon 6 GHz ma sai hukumar sadarwar ƙasa ta buɗe shi, kamar yadda FCC ta yi a Amurka a Afrilun 2020. Inda ba a buɗe ba, zango biyu ne kawai a hannu.

Ita rauta har yanzu kusan ba ta runtsawa. Ga mai kunna tasa da sola ko ƙaramin batir, wannan giɓi ne na gaske, kuma yana cikin abubuwan da kwamitin 802.11bn, wato Wi-Fi 8, ke aiki a kansu yanzu.