Waiwaye: Harbin karnukan gida a aikin 'yan sandan Amurka, daga ina aka faro?

Da wuya wata ya wuce a Amurka ba a ga sabon bidiyon ɗan sanda ya harbe karen wani gida ba. Wani lokaci daga kyamarar da ke maƙale a ƙirjin jami'in ake samunsa, wani lokaci daga wadda mai gida ya kafa a bakin ƙofa. Da ya bazu a Facebook da YouTube sai jama'a su rabu gida biyu. Masu tausayin kare su ce wutsiya yake kaɗawa, zuwa ya yi ya shinshina baƙo. Masu goyon bayan jami'i su ce wanda ƙaton kare bai taɓa taso masa ba shi ke da bakin magana. Sai a yi ta mayar da bidiyon baya ana tsayar da shi, ana ƙirga taku nawa ya rage tsakanin kare da mutum. Duka ɓangarorin biyu daƙiƙa uku ko huɗu suke kallo, alhali abin da ya kai ɗan sanda da kare ga wannan tsayuwar ya daɗe yana tahowa.

Tushen farko yana cikin matsayin kare a doka. A 1897 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani mutum a jihar Louisiana wanda jirgin lantarki na cikin gari ya take masa kare, ta ce kare dukiya ce amma ba cikakkiya ba irin doki ko saniya, kuma hukuma na da ikon halaka shi in tsaron jama'a ya buƙaci haka. Daga wannan fahimtar aka gaji al'adar auna kare da kuɗin da zai yi a kasuwa, wanda ga tsohon karen gida bai taka kara ya karya ba.

Shekarun 1980 suka zo da abubuwa uku kusan a tare. Tsoron karnukan pit bull, wani nau'in kare mai ƙarfin jiki, ya mamaye jaridu, har mujallar Sports Illustrated ta sa hoton ɗaya a bangonta a 1987 haƙora a waje, birnin Denver kuma ya haramta ajiye su a 1989, haramcin da ya zauna har 2020. A lokacin ne yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya sauya yadda ake binciken gida. Rundunonin SWAT, wato 'yan sanda na musamman masu manyan makamai, waɗanda aka kafa a shekarun 1960 don tunkarar masu garkuwa da mutane da 'yan bindiga masu harbi daga ɓoye, suka koma su ake turawa da takardar izinin bincike, da asuba, da ƙarfen fasa ƙofa. Masanin laifuka Peter Kraska ya ƙiyasta cewa irin wannan fitar ta tashi daga wajen 3,000 a shekara a farkon shekarun 1980 zuwa dubbai masu yawa, sama da 40,000, bayan shekara ashirin. Na uku shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1989, wanda ya ce a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da idon jami'i mai hankali da ke wurin a lokacin, ba da idon wanda ya zo daga baya ya ga komai ba. Wannan shari'ar ba ta shafi kare ba ko kaɗan, amma ma'auninta shi kotuna suka ɗauko daga baya ga karnuka. A 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa kashe karen mutum ƙwace dukiya ne a ƙarƙashin gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya hana hukuma bincike da ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, don haka mai shi na iya kai ƙara.

Labaran da suka tayar da hankalin ƙasar an san su. Ranar 1 ga Janairun 2003 aka tsayar da wasu iyali a babban titi a jihar Tennessee, saboda walat ɗin maigidan ya faɗo daga saman mota kuɗi suka watse, wani ya kira ya ce fashi aka yi. Suna durƙushe da ankwa a hannu suna roƙon a rufe ƙofar mota, karensu ya diro, aka harbe shi a gaban kyamarar motar sintiri. A Yulin 2008 aka fasa gidan magajin wani ƙaramin gari a jihar Maryland aka kashe karnukansa biyu, daga baya ta tabbata masu safarar wiwi ne suka yi amfani da adireshinsa ba da saninsa ba. Sai bidiyon 2013 daga Kalifoniya, na wani karen Rottweiler da ya fito ta tagar mota lokacin da ake kama mai shi, wanda miliyoyi suka kalla.

Akwai wata shari'a da ba ta da bidiyo, waɗanda suka kai ta kuma ba irin mutanen da jama'a ke tausayawa ba ne, don haka ba a cika ambatonta ba. A ganina ita ce ta fi kusa da zuciyar matsalar.

A 1997 aka kashe wani mutum a gidan rawa a arewacin Kalifoniya, aka tuhumi ɗan wata ƙungiyar masu manyan babura. Masu bincike suna neman kaset ɗin bidiyo na abin da ya faru, da kuma shaidar cewa ƙungiyar ta 'yan daba ce. A Janairun 1998 aka dira gidajen mambobinta da dama a lokaci guda da sassafe. Masu gidajen ba su ake tuhuma da kisan ba. An kwashe kaya mota-mota, babura, akwatin wasiƙa, ƙofar firji, har da wani ɓangaren daɓen siminti da aka yanko don akwai sunaye a jiki. A gidaje biyu an harbe karnuka uku.

Da magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na tara, jami'an suka kawo hujjar da aka saba ji: karnukan manya ne, masu gadi ne, rayuwarsu na cikin haɗari, kuma haushi zai tona zuwansu. Kotun ba ta musa girman karnukan ba. A hukuncinta na 2005 sai ta ja da baya daga bakin ƙofa, ta tambayi abin da aka yi a makon da ya gabata. An ba jami'an kusan mako guda su shirya. Sun san akwai karnuka a gidajen tun kafin su fito. Duk da haka ba su tanadi wata dabara ta gaskiya ba illa bindiga. Kotun ta ce wanda ya san da kare, ya sami lokaci, ya zo ba shiri, ba zai fake da cewa abu ya zo masa bagatatan ba, tunda shi ya shirya wa kansa tsayuwar da babu mafita a cikinta sai harbi. Ta kuma lura cewa wanda ke tsoron haushi ya tashi masu gida bai kamata ya amsa da ƙarar bindiga ba. Sannan ta faɗi abin da hukuncin 1897 bai faɗa ba, cewa shaƙuwar iyali da karensu ba ɗaya take da mallakar kujera ko tebur ba. Aka hana jami'an kariyar da doka kan ba ma'aikacin gwamnati daga biyan diyya, daga baya hukumomin da abin ya shafa suka biya kuɗi masu yawa.

Muhimmancin hukuncin shi ne ya sauya wurin da ake ɗora tambaya. Muddin tambayar ita ce ko jami'i ya ji tsoro lokacin da kare ya taso, amsar kusan kullum e ce, kuma da gaskiyarsa. Kare mai kilo arba'in yana cinye tazarar tsakar gida kafin mutum ya gama juyawa. Amma in aka tambayi abin da aka yi kafin a buɗe ƙyaure, sai a shiga abubuwan da ake iya bincikawa a rubuce. Shin wanda ya ɗauki kiran gaggawa ya tambaya ko akwai kare? An duba ko akwai kwanon ruwa, ko sarƙa, ko allon gargaɗi a jikin shinge? An girgiza ƙofar shingen an jira? An ce wa mai gida ya kulle karensa a ɗaki? An taho da ma'aikacin kula da dabbobi da sandarsa mai zarge a baki? Masu horarwa sun daɗe suna nuna cewa tukunyar kashe gobara, ko feshin barkono, ko kulki da aka miƙa wa kare ya ciza, suna tsayar da yawancin karnuka. Haka nan tsayuwar mutum. Wanda ya fuskanci kare gaba da gaba yana zare masa ido yana daka tsawa, faɗa ya nema a wurin kare. Wanda ya ba shi gefe, ya kawar da ido, ya sassauta murya, sau da yawa haushi kawai zai sha. Kare a gidansu aikinsa yake yi idan ya tare baƙon da ya tsallako shinge, ba ya kuma gane kaki.

Iyakar wannan hukuncin ta fito a Disambar 2016, a wata shari'a daga jihar Michigan. Rundunar bincike ta fasa wani gida kan ƙwayoyi a 2013, ta harbe karnukan pit bull biyu, ɗaya daga ciki yana tsaye yana haushi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na shida ta ce harbin bai saɓa doka ba. Kanun labarai suka ɗauka cewa an halatta kashe duk karen da ya yi haushi, aka yi ta cece-kuce a kan haka. Abin da aka tsallake shi ne dalilin da kotun ta bayar na bambanta wannan da shari'ar Kalifoniya: ta karɓi cewa jami'an a hanya suka ji labarin karnukan, ba su sami lokacin shiri ba. Ma'ana ƙa'idar 2005 tana kama wanda ya sani ya yi sakaci, amma ba ta tilasta wa kowa ya nemi sani. Tsarin da bai tambaya ba tun farko shi ya fi samun sauƙi a gaban alƙali, kuma a nan nake ganin gyaran ya tsaya rabin hanya.

Wasu jihohi sun yi yunƙuri. Tennessee ta yi dokar horarwa bayan abin da ya faru a 2003, aka sa mata sunan karen, Patton. Colorado ta wajabta horon awa uku a 2013, Texas ta wajabta na awa huɗu a 2015. A 2011 sashen hulɗar 'yan sanda da al'umma na Ma'aikatar Shari'a ya fitar da ɗan littafin jagora, inda ya nuna cewa a rundunoni da yawa mafi yawan harbin da jami'ai ke yi da gangan dabbobi ake harbi, galibi karnuka. Awa uku ko huɗu sun fi babu, amma a gwada su da kwanakin da sabon ɗan sanda ke yi a filin koyon harbi. Hannu abin da ya saba shi yake kaiwa idan tsoro ya zo.

Babu mai cewa kare ba ya kisa. Miliyoyin mutane ake cizo a Amurka duk shekara, gommai suna mutuwa, da yawansu yara ne da tsofaffi. Ɗan sandan da ya tarar da kare ya danne yaro ba shi da abin jira, kuma wanda ya ajiye kare mai faɗa ya bar shi sake yana da nasa alhakin. Sai dai masu raba wasiƙa suna shiga harabar gidaje fiye da kowa, hukumar gidan waya tana ƙirga sama da 5,000 daga ma'aikatanta da karnuka ke kai wa hari a shekara, kuma ba su ɗauke da bindiga. Feshi suke riƙewa, jakar wasiƙu ita ce garkuwa, ana kuma sanar da su gidajen da ke da kare kafin su isa. Aikinsu ba ɗaya ba ne da na mai shiga gidan da ake zargin akwai makami, amma yawancin haɗuwar ɗan sanda da kare ma ba a samame take faruwa ba. Ƙararrawar ɓarayi ce ta yi kuka, ko maƙwabci ya kira kan hayaniya, ko an zo duba lafiyar wani, ko an ɓata adireshi.

Harsashin da aka nufi kare da shi kuma ba kullum yake samun kare ba, domin abin harbin ƙarami ne, yana gudu, yana kusa da ƙafafun mutane. A Janairun 2015 wata uwa ta mutu a jihar Iowa a gaban ɗanta ƙarami lokacin da jami'i ya harbi karensu. A Agustan 2019 wata mata ta mutu haka a Texas, a hannun jami'in da aka tura ya duba ko lafiya take.

Adadin da ake yawan ambatawa, karnuka 25 zuwa 30 a rana ko kusan 10,000 a shekara, ƙiyasi ne da wani jami'in Ma'aikatar Shari'a ya taɓa bayarwa, ba ƙidaya ba. Amurka na da rundunonin tsaro kusan 18,000, kowace da nata tsarin rubuta rahoto. Rumbun bayanan amfani da ƙarfi da hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ta buɗe a 2019 na ganin dama ne, kuma abin da ya shafi mutane yake tarawa. Dokar da Maryland ta yi a 2009 ta tilasta wa rundunonin SWAT su bayyana kowace fita, har da ko an raunata ko an kashe dabba, rahotannin kuma suka nuna cewa mafi yawan fitar ta binciken gida ce. Wa'adin dokar ya ƙare a 2014.